Tarihin Wakilcin Ƙasar Zuru a Majalisun Dokoki

Rikoto ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, kuma duk wanda ya cika shekara 18 a cikinta, namiji ne ko mace, muddin ya yi rajista ya karɓi katinsa, yana da haƙƙin aika wakili zuwa majalisu huɗu: kansila a majalisar ƙaramar hukuma, ɗan majalisar jiha a Birnin Kebbi, ɗan Majalisar Wakilai na mazaɓar Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu, sa'an nan sanatan Kebbi ta Kudu, wanda ƙasar Zuru ta yi tarayya da ƙasar Yawuri a kansa. Wannan haƙƙi, wanda yaran yanzu suke ɗauka tamkar tun fil azal haka yake, sannu a hankali ya zo, kuma sau uku soja suna karɓe shi.

Shawara dai ba baƙuwa ba ce a Arewa. Malaman Daular Usmaniyya sun yi bayanin shura, sun ambaci ahlul halli wal aƙdi, watau manyan da naɗin shugaba yake hannunsu. Sarakunan Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu kuwa, waɗanda daga baya aka haɗa ƙasashensu a ƙarƙashin Zuru, ba su yanke babban hukunci sai sun ji ta bakin dattawa. Amma akwai bambanci mai girma tsakanin mashawarcin da sarauta ta jawo kusa da ita, wanda in an ga dama a ji maganarsa in ba a ga dama ba a bar ta, da wakilin da talakawa suka tura, wanda ba a aza haraji ko a kashe dukiyar baitulmali sai da yardarsa, kuma waɗanda suka tura shi suna iya dawo da shi gida. Irin na biyun nan, wanda ya yi ƙarnuka yana girma a Ingila cikin jayayyar sarki da majalisa a kan kuɗi, shi ne Turawa suka kawo, ko da yake ba su yi gaggawar miƙa shi ga 'yan ƙasa ba.

Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya yarda a zaɓi mutum 4 kacal, 3 daga Ikko, 1 daga Kalaba, kuma ikon wannan majalisa bai ƙetaro Arewa ba, inda Gwamna yake kafa doka da alƙalaminsa, Razdan da Di'o su zartar ta hannun En'e. Sai a 1947, bisa tsarin Gwamna Richards, aka buɗe Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna. Su ma wakilan En'e ce take fitar da su daga cikin ma'aikatanta, aikinsu bai wuce ba da shawara ba. Duk da haka a nan ne, cikin Agusta 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, aka kuwa ga cewa majalisar da aka kafa don ta ce "to" tana iya tuhumar wanda ya aiko ta.

Zaɓen 1951, na tsarin Gwamna Macpherson, shi ne na farko da ya isa ƙauyukan Arewa, har da na ƙasar Zuru, wadda take cikin Lardin Neja. Hawa-hawa aka yi shi: maza masu biyan haraji su taru a fili su fitar da mutanensu, waɗannan su je gunduma su sake tacewa, haka har a kai taron lardi, inda En'e take da damar shigar da nata mutane kafin a zaɓi masu tafiya Kaduna, su kuma na Kaduna su fitar da mutum 68 daga cikinsu zuwa Ikko. Kowane hawa yana nisanta wakili da talakan da ya ɗaga hannu tun farko, shi ya sa jam'iyyar NEPU, wadda ta yi rinjaye a matakan farko a birnin Kano, ta wayi gari ba ta da kujera ko ɗaya. Ba a bai wa mazan Arewa baki ɗaya damar jefa ƙuri'a a asirce, kai tsaye, a zaɓen tarayya ba sai a 1959, lokacin da Arewa ta sami kujera 174 cikin 312. Da Hausa da Ingilishi ake muhawara a majalisar Kaduna, wadda Alhaji Umaru Gwandu ya yi wa shugabanci. Ga Dakarkari kuwa, mutanen ƙasar Zuru masu harshen C'lela, ko Hausar ma harshe na biyu ce.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisu shekara 13, kuma a cikin wannan tsakani aka sauya wa Zuru alƙibla: ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da aka raba jihar a 1976 kuma sai aka cire ta daga Neja aka haɗa ta da Sakkwato. A shekarar 1976 ɗin aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya gaji En'e, aka kuma buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe. Tsarin 1979 ya bar salon Ingila ya ɗauki na Amurka, ya raba majalisa da masu zartarwa, aka sami sanatoci 95 da wakilai 449, sa'an nan soja suka rushe majalisun a ranar 31 ga Disamba 1983. Jihar Kebbi, da aka kafa a 27 ga Agusta 1991, majalisarta ta farko ba ta cika shekara biyu ba Janar Abacha ya rushe ta a Nuwamba 1993.

Tun 1999 majalisun tarayya da ta Kebbi suke zaune ba yankewa. Ta dattawa tana da mutum 109, ta wakilai 360, ta Kebbi 24, wanda shi ne mafi ƙarancin adadin da tsarin mulki ya halatta wa jiha. Ƙudiri yakan sha karatu uku, a tsakanin na biyu da na uku kwamiti ya tsefe shi ya saurari jama'a. In majalisun tarayya biyu sun yi ittifaƙi a kansa, Shugaban Ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu, in ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun isa su mai da shi doka. A ganin mai wannan rubutu, kasafin kuɗi da bin diddigin yadda aka kashe shi su ne zuciyar aikin, ko da yake masu zaɓe sun fi auna wakili da rijiyar burtsatse da takin da ya raba.

Abin da ya keɓanta ƙasar Zuru a wannan tarihi shi ne cewa, kasancewarta matattarar soja tun zamanin Turawa, 'ya'yanta sun yi aiki a gwamnatocin da suka yi mulki ba majalisa, sa'an nan suka dawo suna neman ƙuri'ar shiga majalisar. Manjo Janar Tanko Ayuba, wanda ya yi gwamnan soja a Kaduna daga 1990 zuwa 1992, ya zama sanatan Kebbi ta Kudu a 2007. Manjo Janar Muhammadu Magoro, ministan harkokin cikin gida a gwamnatin da ta kori majalisar 1983, shi ya gaje shi a 2011. Bayansu kujerar ta koma hannun lauya, Bala Ibn Na'Allah, wanda ya riga ya wakilci Zuru a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2011, ya riƙe ta zango biyu, har zuwa zaɓen 2023, inda Garba Musa Maidoki na jam'iyyar adawa ta PDP ya kayar da shi.