Kaset da Maka: Tarihin da Ya Zo a Jakar Ɗan Ci-rani

Gabatarwa

Wani dare cikin hutun ƙarshen shekara muna zaune a fada a Madawa, mu malamai biyar, tukunya na bisa gawayi muna jiran ruwa ya tafasa mu zuba maka. Sai gardama ta kaure a kan wane kaset ne ya fi daɗi cikin waɗanda muka saurara muna yara. Wannan ya ce na Shata, wancan ya ce na Ɗan Anace, wani kuma ya rantse babu kamar Sa'adu Bori. Da aka tambayi wanda ke da ko guda ɗaya a gida, sai kowa ya yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina kaset da makaroni, ko da yake ba a sanya su cikin darasin tarihi, hanya ɗaya suka biyo zuwa gidajen Madawa da Buza da Keita, kuma duk wanda ya bi sawunsu zai fahimci yadda rayuwar yankin ta sauya daga shekarun 1970 zuwa yau.

Yadda murya ta shiga akwati

A da, wanda ke son jin makaɗi sai ya je inda makaɗin yake: fadar sarki, gidan biki, filin kokowa ko dandalin samari. Rediyo ce ta fara karya wannan ƙa'ida. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, na Kaduna kuma a 1962, kuma mutanenmu sun riƙa kama duka biyun. Amma rediyo ita ke zaɓar maka abin da za ka ji da lokacin da za ka ji shi. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya ba talaka ikon zaɓe. Yana da arha, yana aiki da batir a garin da babu lantarki, kuma ana iya kwafar sa daga wannan akwati zuwa wancan.

Ba ƴan kasuwa kaɗai suka kawo shi ba. Adar ƙasa ce ta duwatsu da ƙarancin ruwa, kuma tun da daɗewa samarinta ke tafiya bayan girbi. Farin 1973 zuwa 1974 ya ƙara yawan masu tafiya Kano, Legas, Abijan, daga baya har Libiya. Idan damina ta kusa, matafiyi ya dawo da tufafi da turare, amma abin da ke shaida wa gari cewa tafiya ta yi albarka shi ne rediyo mai kaset, wadda ake ɗinka wa riga don tsoron ƙura. Ta haka ne waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka zama na ƙauyukanmu kamar yadda suke na Sakkwato da Katsina. A namu ɓangaren, gasar kokowa ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975 ta ɗaukaka makaɗa irin su Sagalo, gasar Ɗan Gurmu kuma, wadda aka fara a 1987 don tunawa da shahararren makaɗin Tawa, ta buɗe wa kiɗan zamani ƙofa. A 1994 Sa'adu Bori da Musa Pusi suka fitar da faifansu mai suna Niamey Twice, wanda ya kai sunan Nijar har Turai.

Akwai wani amfanin kaset da ya fi wannan nauyi. A gidan da babu mai karatun boko, shi ne wasiƙa. Uwa ta zauna gaban akwati ta faɗa wa ɗanta labarin haihuwa da rasuwa da halin da rumbu yake ciki, a ba direba ko wani matafiyi ya kai Abijan, amsa ta dawo ta wannan hanya. Na ga an tara iyali duka a tsakar gida don jin muryar wanda ya shekara uku bai zo ba.

Yadda maka ta shiga tukunya

Taliya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana danganta zuwanta da Larabawan Arewacin Afirka da suka zauna Kano, tare da sauran abincin alkama kamar alkaki da gurasa, kuma mata sun daɗe suna murza ta da hannu. Sai dai abincin birni ce da na biki. Mutumin Buza ko Keita da fura ya san rana, da tuwon hatsi ya san dare. Makaronin kanti, wanda muke taƙaitawa mu ce maka, shi ne sabon abu.

Dalilai uku suka ba shi wuri. Na farko hanya ce. Da aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit saboda uraniyom a farkon shekarun 1980, kayan Aljeriya, wato madarar gari da dabino da taliya, suka sami saukin gangarowa kudu, daga baya kuma masana'antun Najeriya suka cika kasuwa daga ɗaya gefen. Na biyu yunwa ce. Farin 1984, wanda mutane suka laƙaba wa sunan Buhari domin ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ya koya wa gidaje da yawa cin abin da ba su noma ba. A shekarar ne aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, inda aka biya ma'aikata da abinci, kuma mafi yawansu mata ne, domin maza sun tafi. Wannan ya kai mu ga dalili na uku, wato lokaci. Matar da ta wuni tana jera duwatsu a kan tudu ko tana shuka itace ba ta da ƙarfin sussuka da surfe da daka. Abincin da ke nuna cikin minti goma, da itace kaɗan, a ƙasar da itace ya yi wuya har aka fara dasa jerin bedi a kwarin Majiya tun 1975, dole ya sami masu so.

Mu da muka bar ƙauye zuwa kwalejin gari a shekarun 1990 mun san shi ta wata fuska. Ɗalibai huɗu su haɗa dala-dala, a sayi ƙunshi ɗaya, a yanka albasar gida, a zuba mai da yaji, a ci ana sauraron kaset ɗin aro, wanda idan zarensa ya harɗe sai a nemo biro a naɗe shi. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, mun ji tarihin tattalin arziki a cikin kwanonmu kafin mu karanta shi a littafi.

Abin da muka samu da abin da ke sulalewa

Ba na cikin masu cewa duk abin da ya zo daga waje sharri ne. Maka ta rage wa iyayenmu mata wahala. Amma ta ɗaure cikinmu da iyaka, kamar yadda muka gani a 2019 da 2023 lokacin da aka rufe ta, farashin abinci ya hau. Hatsi kuwa namu ne, ko iyaka a rufe ko a buɗe.

Shi kuwa kaset, wayar salula da katin ajiya sun binne shi. Manyan makaɗa ba su da fargaba: Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya a 2015, amma muryoyinsu na yawo a intanet. Waɗanda nake jin tsoron ɓacewarsu su ne makaɗan noma da na maƙera da zabiyoyin ƙauye, waɗanda wani ya ɗauka sau ɗaya a wurin biki, da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da waɗancan wasiƙun murya. Zafi da ƙura suna cinye zaren kaset, kuma kowace shekara ana zubar da akwatunan tsofaffi idan an zo rabon gado.

Kammalawa

Lokacin da Farfesa Jibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda aka buga a 1975, ya dogara ƙwarai ga bakin dattawa. Wanda zai rubuta tarihin Adar na bayan fari zai buƙaci waɗannan kasakasai. Don haka ina kira ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu: kowane aji ya tambayi gida, a tattaro abin da ya saura, a rubuta sunan mai magana da garinsa da shekarar da aka ɗauka, a nemi izinin iyali, a juye cikin kwamfuta. A ajiye kwafi a makaranta, a miƙa wani ga jami'ar Tawa ko cibiyar IRSH a Yamai. Aikin bai fi ƙarfin akwatin kaset ɗaya mai lafiya da waya ɗaya ba. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma dattawan da za su iya gane muryoyin da ke ciki ba za su jira mu har abada ba.