Rawar Baƙi a Birnin Nuyok: Tarihin Wasan West Side Story

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. To amma yaya ke nan idan baƙon ya zo da niyyar zama, alhali ɗan garin ma jikan baƙo ne? Wannan ita ce tambayar da wani wasan rawa da waƙa ya ɗora a dandamali a birnin Nuyok na ƙasar Amurka ranar 26 ga Satumba, 1957.

Jerome Robbins, wanda ya tsara rawar, ɗan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Tun 1949 ya yi tunanin sabunta wasan Romeo and Juliet na Shakespeare, ya mai da shi soyayya tsakanin Bayahudiya da ɗan Katolika. Kafin aikin ya kankama, birnin ya sake kama. Mutanen tsibirin Potoriko suna ta kwarara cikinsa neman aiki, kuma ko da yake dokar 1917 ta ba su 'yancin zama 'yan ƙasa, ana yi musu kallon bare. Sai aka juya labarin ya koma kansu.

Leonard Bernstein ya tsara kiɗa, Stephen Sondheim ya rubuta waƙoƙi, Arthur Laurents ya rubuta labarin. Ƙungiyoyin samari biyu ne ke rikici a kan unguwa: Jets, 'ya'yan fararen baƙin jiya, da Sharks, baƙin yau. Robbins ya bar ƙafa da kafaɗa su faɗi abin da baki bai faɗa ba. Har a wajen gwaji ya hana 'yan wasan ɓangarorin biyu cuɗanya, don gabar ta zauna a jikinsu.

An mai da wasan fim a 1961, ya ci lambar Oscar goma. Sai dai akwai abin dubawa. Cikin mutum huɗun da suka ƙago shi babu ɗan Potoriko ko ɗaya. Natalie Wood, wadda ba 'yar can ba ce, ita ta fito a Maria. Rita Moreno kuwa, haifaffiyar tsibirin, sai da aka shafa mata abin da ya ƙara duhunta fatarta. Unguwar San Juan Hill, inda irin waɗannan baƙi ke zaune, rushe ta aka yi don gina cibiyar wasanni ta Lincoln Center. Da Steven Spielberg ya sake fim ɗin a 2021, ya ba 'yan asalin Latin Amurka matsayin Sharks.

Darasin da ke nan gare mu marubuta shi ne, tausayin baƙo bai isa a rubuta labarinsa ba. Sai an zauna da shi, an ji harshensa, an san abin da ya baro a gida. In ba haka ba, hotonsa kawai za a zana, muryar kuwa ta marubuci ce.