Tafiya cikin barci: mene ne shi, kuma yaya za a kare mai yin sa?

Jama'a masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna waje, akwai wata lalura da ake gani a gidaje da dama amma ba a cika maganarta a fili ba. Yaro yana kwance, sai ya miƙe tsakar dare, ido buɗe, ya nufi ƙofa. Ka kira sunansa bai amsa ba, ko ya amsa da sambatu. Da safe ka tambaye shi, ya ce sam bai san an yi ba. Wannan shi ne tafiya cikin barci. A gidan likita za ku ji ana ce masa somnambulisme da Faransanci.

Me ke faruwa a jikin mutum?

Barci hawa-hawa ne. Akwai marar nauyi, akwai mai nauyi sosai, akwai kuma lokacin da aka fi yin mafarki. Tafiya cikin barci tana fitowa ne daga barci mai nauyi, shi ya sa aka fi ganinta a farkon dare, awa ɗaya zuwa uku bayan an kwanta. Sashen ƙwaƙwalwa mai motsa jiki ya farka, sashen da ke riƙe hankali da tuna abu yana barci. Don haka mutum yana iya buɗe ƙyaure, ya sa takalmi, ko ya yi fitsari a inda ba nan ake yi ba, alhali ba ya cikin hayyacinsa. Galibi abin na ɗaukar ƴan mintuna ne, sai ya koma ya kwanta.

A bambanta shi da dannau. Mai dannau hankalinsa a farke yake, jiki ne ya ƙi motsi. Mai tafiya cikin barci kuwa jiki ne ke motsi, hankali na barci.

Su wa ya fi kamawa?

Yara ne kan gaba, domin barcinsu ya fi na manya nauyi. Wani nazari da aka fitar a shekarar 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, ya nuna kusan yara 5 cikin 100 sun yi tafiya cikin barci a shekara ɗaya, manya kuwa tsakanin 1 da 2 cikin 100. Yawancin yara suna bari da kansu idan sun balaga.

Abin kuma yana bin jini. Wani bincike da aka yi a lardin Kebek na ƙasar Kanada, aka wallafa a 2015, ya bi yara kusan 2,000 shekara da shekaru. Inda uwa da uba ba su taɓa yi ba, wajen yara 22 cikin 100 suka yi. Inda ɗaya daga cikinsu ya yi, 47 cikin 100. Inda duka biyun suka yi, sama da 60 cikin 100. Ke nan in kin ga ɗanki yana yi, ki tambayi kakanninsa, ba mamaki su ce haka ubansa ya yi yana ƙarami.

Me ke tayar da shi?

Na farko shi ne rashin isasshen barci: yaron da ya kai dare wajen kallo ko latsa waya, ko lokacin azumi da ake raba dare tsakanin tarawihi da sahur. Sai zazzaɓi, wanda a nan Damagaram ya fi yawa da damina saboda cizon sauro. Sai damuwa da fargaba, irin ta jarrabawa ko ta yaron da aka kai riƙo wani gari. Cikar mara da fitsari da ƙara mai ƙarfi su ma suna jawo shi. Ga manya akwai giya, da wasu ƙwayoyin sa barci, da ciwon nan mai sa minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci.

Inda haɗarin yake

Ita kanta tafiyar ba ta lalata ƙwaƙwalwa, kuma ba hauka ba ce. Haɗarin yana ga abin da mutum zai taka ko ya faɗa ciki. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, kusan kowa a tsakar gida yake kwana, wasu a ƙofar gida, wasu a kan soro. A ƙauyukan Mirya, Magarya da Matamaye akwai rijiyoyi marasa murfi, ga murhu da garwashi bai mutu ba, ga kunama da maciji. Da damina tabkuna da kududdufai sukan cika har cikin birnin Zinder. Ƴan uwanmu da ke Kano, Yamai, Aljeriya ko Libiya kuwa, nasu haɗarin bene ne da taga da titin mota.

Abin da za a yi

In kun gan shi yana tafiya, kada a daka masa tsawa, kada a watsa masa ruwa, kada a buge shi. A kama kafaɗarsa a hankali, a yi masa magana ƙasa-ƙasa, a mayar da shi shimfiɗa. Maganar da ake yi cewa in an tashe shi zai mutu ko ya zauce ba gaskiya ba ce. Abin da ake gudu kawai, yana iya firgita ya kai duka cikin magagi. In ya doshi rijiya ko wuta, a tare shi ko da zai farka.

Kafin a kwanta a rufe rijiya, a kashe wuta, a ɗauke wuƙa da gatari da fartanya. A sa sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, ko a rataya gwangwani a ƙyaure don ya yi ƙara. Mai wannan lalura kada ya kwana a kan soro ko gadon sama. Ya yi fitsari kafin ya kwanta, kuma ya riƙa kwanciya da wuri a lokaci guda kullum. In kun lura kusan lokaci ɗaya yake tashi, ku ɗan motsa shi minti 15 kafin lokacin, har ya buɗe ido ya koma. A yi haka ƴan makonni, sau da yawa yana taimakawa.

In za a kai yaro makarantar kwana, ko wajen malam almajiranci, ko hutu gidan dangi, a gaya wa mai riƙonsa. Ɓoyewa don kunya ita ke jawo a ɗauke shi ɓarawo in an gan shi a ɗakin wani da dare. Haka budurwar da za a kai ɗakin miji, gara a sanar da shi tun da wuri.

Da yawa kan ce iska ce ko aljanu. Addu'ar kwanciya abu ne mai kyau, ba wanda zai hana. Sai dai kada a ɗaure yaro, ko a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko a riƙa yi masa gori. Bai san yana yi ba, kuma gorin damuwa yake ƙara masa.

Yaushe za a je likita?

A je CSI mafi kusa idan abin yana faruwa sau da yawa a mako, ko mutum ya ji ciwo ko ya fita daga gida, ko yana yini da gyangyaɗi. Haka idan ya fara ne bayan mutum ya girma, ko bayan fara shan wani magani. Idan akwai sandarewa, karkarwa, cizon harshe ko kumfa a baki, wannan yana iya zama farfaɗiya, kuma tana da magani. Yaro mai zazzaɓi da ya rikice, ko aka kasa tashinsa, a kai shi a daren nan, kada a jira safiya. Dattijon da ke kai naushi da shuri yana mafarki wajen asuba, shi ma wata lalura ce daban da ke son a duba. In abin ya fi ƙarfin CSI, za su ba da takarda zuwa asibitin gunduma ko babban asibitin ƙasa na Zinder.

Ku da ke waje, in an kira ku an ce yaro na tashi da dare, ku fara da tambayar ko an rufe rijiya da kuma ƙarfe nawa yake kwanciya. Allah ya ba mu lafiya, ya tsare mana zuri'a.