Ilimin Tauhidi Mai Zurfi Don Aikin Fasto Da Ba Da Shawara A Jihar Filato

Gabatarwa

Ilimin tauhidi mai zurfi shi ne karatun addinin Kirista da mutum kan yi bayan ya kammala digiri na farko, domin ya ƙware a aikin kiwon ekklisiya, wa'azi, koyarwa da kuma ba jama'a shawara a lokutan damuwa. An shirya wannan bayani ne domin amfanin mazauna karkara, dattawan coci, masu riƙe da sarautun gargajiya da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda kan yi hulɗa da fastoci a harkokin aure, sulhu da jin daɗin jama'a.

Taƙaitaccen Tarihi

A farkon zuwan bishara ƙasar Arewa, ana horar da masu wa'azi ne a makarantun Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. A 1934 mishan ta SUM ta buɗe makarantar Gindiri, a Ƙaramar Hukumar Mangu ta yanzu, don horar da masu bishara da malamai. Yayin da ekklisiyoyi suka fara komawa hannun 'yan ƙasa, sai aka ga bukatar shugabanni masu ilimi mai zurfi. Wannan ne ya sa aka buɗe Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wato TCNN, a 1959, ƙarƙashin shugabancin Dokta Harry Boer. Makarantar horar da limaman Katolika ta Waliyyi Augustine da ke Jos ta biyo baya a 1967, sannan ta ECWA da ke Jos, wadda aka fi sani da JETS, a 1980.

Manyan Makarantu A Jihar

1. TCNN, Bukuru, Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu. Tana da alaƙa da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, TEKAN, tana kuma karɓar ɗalibai daga ɗarikoki daban-daban.
2. JETS, Farin Gada, Jos. Mallakar ekklisiyar ECWA ce, tana ba da digiri na farko, na biyu da na uku.
3. Makarantar Tauhidi ta Gindiri, mallakar ekklisiyar COCIN.
4. Makarantar Waliyyi Augustine, Jos, inda masu niyyar zama limaman Katolika ke karanta falsafa da tauhidi kafin a naɗa su.

Matakan Karatu

Wanda ya yi digiri na farko a wani fanni dabam, misali aikin gona ko lissafin kuɗi, yakan yi kimanin shekara 3 kafin ya sami digiri na biyu na aikin fasto, domin sai ya fara daga tushe. Wanda kuwa ya riga ya karanta tauhidi, nasa karatun yakan fi gajarta. Digiri na uku na masu niyyar koyarwa da bincike ne. Wasu makarantu na da tsarin karatun lokacin hutu saboda fastocin da ba za su iya barin ikilisiyarsu ba.

Darussan da aka fi koyarwa sun haɗa da Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, Ibrananci da Helenanci, waɗanda su ne manyan harsunan asali na Littafi Mai Tsarki, tarihin ekklisiya, dabarun wa'azi, shugabanci da kula da dukiyar coci, da kuma dangantakar Kirista da Musulmi. A ƙarshe ɗalibi yakan rubuta kundin bincike, ya kuma yi aikin gwaji a ƙarƙashin wani gogaggen fasto.

Fannin Ba Da Shawara

A yawancin ƙauyuka, fasto ne mutum na farko da ake nema in aure ya sami matsala, ko an yi rasuwa, ko yaro ya faɗa shaye-shaye. Rikice-rikicen da jihar ta fuskanta, irin na 2001, 2008 da 2010, sun bar gwauraye, marayu da 'yan gudun hijira masu ɗauke da ciwon zuciya. Saboda haka ake koya wa ɗalibi sauraro da haƙuri, riƙon sirri, shirya masu niyyar aure, har da ƙarfafa su su yi gwajin jini saboda cutar sikila, da kuma hanyoyin sasanta tsakani.

Ana kuma koya masa sanin iyakarsa. Shawarar fasto ba ta maye gurbin aikin likita. Mai taɓin hankali, mai farfaɗiya, ko wanda ya ambaci kashe kansa, a gaggauta kai shi asibiti, addu'a kuma ta ci gaba. Haka nan fyaɗe da cin zarafin yara laifuffuka ne a gaban doka. Ba a kashe maganarsu a ofishin coci, sai a sanar da 'yan sanda da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.

Sharuɗɗan Shiga

Galibi akan nemi takardar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, shaidar digiri na farko daga makarantar da aka amince da ita, da wasiƙar shaida daga ekklisiyar mai nema. Akan kuma yi jarrabawa ko ganawa. Kuɗin makaranta na canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka a tuntuɓi ofishin magatakardar makaranta kai tsaye, a kuma guji biyan kuɗi ta hannun ɗan tsakani.

Ingancin Takardar Shaida

Wannan batu ne mai muhimmanci, domin sau da yawa ikilisiya ce kan tara kuɗin amfanin gona ta tura fastonta karatu. Amincewa iri biyu ce. Ta farko ita ce ta ƙungiyar ACTEA, wadda aka kafa a 1976 don tantance makarantun tauhidi a Afirka. Ta biyu ita ce ta hukuma, wadda kan samu ta hanyar haɗin gwiwa da wata jami'a da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da ita, kamar Jami'ar Jos. Mai son aikin gwamnati ko ƙarin girma da takardarsa, lalle ne ya tabbatar cewa ainihin kwas ɗin da zai yi yana cikin haɗin gwiwar, tun kafin ya biya kuɗi. A yi hattara da masu ba da digiri cikin 'yan makonni, a kuma sani cewa digirin girmamawa ba shaidar karatu ba ne.

Abin Lura Ga Jami'ai

Digiri dabam, naɗi dabam. Ekklisiya ce ke naɗa fasto bisa tsarinta, ba makaranta ba. Game da auren doka kuwa, ba a ɗaura shi a coci sai wurin ibadar na da lasisi, kuma ma'auratan sun kawo takardar izini daga mai rajistar aure, wadda kan fito bayan an liƙa sanarwa ta kwana 21. Jami'in da aka kawo wa takardar shaidar karatu don ɗaukar aiki, ya rubuta wa makarantar da ta bayar domin tabbatarwa.

Don ƙarin bayani, a tuntuɓi sashen ilimi na ƙaramar hukuma, hedkwatar ekklisiya, ko ofishin magatakarda na makarantar da ake so.