Tarihin yadda aka gano cewa fata ma tana gane haske

Jama'ar Minna, ba sai an yi muku bayanin ranar watan Maris ba. Wanda ya taɓa tsayawa jiran keke a Kpakungu da ƙarfe biyu na rana ya san yadda take cin fuska. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, fatar nan ba zafi kaɗai take ji ba, tana da wasu sinadarai 'yan uwan na ido da ke gane haske. Sai da masana suka shafe fiye da shekara ɗari kafin su kai ga wannan.

A 1876 wani Bajamushe mai suna Franz Boll, yana aiki a Roma, ya lura cewa tantanin bayan idon kwaɗo ja ne a cikin duhu, amma da haske ya taɓa shi sai ya koɗe. Sinadarin da ke ba shi wannan jan launi ne ake kira rodofsin. Daga baya George Wald na Amurka ya nuna cewa ba ya aiki sai da bitamin A, har ya samu kyautar Nobel a 1967. Ka ga ashe tsofaffin da ke ba mai dundumi hanta ba shirme suke yi ba, hanta cike take da bitamin A.

Har zuwa lokacin, galibi an ɗauka irin waɗannan sinadarai aikin ido ne kawai. Sai a 1998 Ignacio Provencio da abokan aikinsa a Maryland suka gano wani sabo a cikin fatar wani kwaɗon ruwa ɗan asalin kudancin Afirka, suka sa masa suna melanofsin. Da suka bi diddigi sai ga shi a idon ɗan Adam, kuma shi ne ke sanar da ƙwaƙwalwa gari ya waye ko dare ya yi.

Fatar mutum fa? A da an yarda cewa sai hasken UV, wanda ido ba ya gani, ya yi wa fata lahani tukuna, bayan kwanaki ta ƙara duhu don kare kanta. A 2011 ɗakin binciken Elena Oancea a Jami'ar Brown ya nuna cewa ƙwayoyin da ke yin melanin, wato sinadarin da ya ba mu baƙar fatarmu, suna ɗauke da rodofsin, suna gane hasken cikin daƙiƙoƙi, kuma cikin 'yan sa'o'i sun fara aiki.

Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Galibin binciken baya a kan farar fata aka yi shi, kuma a ganina wannan ne ya jawo jinkirin. Da likitocin asibitin Henry Ford na Detroit suka gwada a 2010, sai suka ga hasken rana na yau da kullum, wanda ido ke gani, bai canza farar fata ba, amma ya ƙara wa baƙar fata duhu da ya daɗe makonni. A 2018 ƙungiyar Thierry Passeron a birnin Nice na Faransa ta ce ta kama mai laifin: ofsin-3, ɗan uwan rodofsin, wanda ke gane shuɗin ɓangaren hasken, ya zuga tirosinas, sinadarin da ke ƙera melanin.

Yanzu ku leƙa layin masu kayan shafe-shafe a Kasuwar Kure. Haidrokwinon ɗin da ke cikin mayukan bilicin da dama, aikinsa danne wannan tirosinas ɗin ne. Mace ta shafa da dare ta danne shi, da rana ta fito hasken Minna ya tashe shi. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja a fuska ɗaya, ƙarshe sai ka ga kumatu sun yi baƙi ƙirin kamar an goga gawayi, wuya fari, gaɓoɓin yatsu baƙaƙe. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Kuma kada a ɗora wa waya laifi, shuɗin hasken da ke fitowa daga fuskarta bai kama ƙafar na rana ba. Man kariyar rana ma, galibinsa UV kaɗai yake tarewa. Mai tare hasken da ido ke gani shi ne wanda aka haɗa da sinadarin tsatsar ƙarfe, mai launin ƙasa-ƙasa. Lema da hula mai faɗin baki, irin malafar manoma, suna yin aikin ba tare da tsada ba.

Su kansu masanan ba su gama daidaitawa ba. A 2019 ɗakin binciken Oancea ya fito da sakamakon da ke cewa ofsin-3 rage melanin yake yi, kuma ko babu haske yana aikinsa. Har yau ana kai ruwa rana tsakanin ɓangarorin biyu.