Yadda Wuƙar Likita Ta Kai Ga Zuciya

A ƙarshen ƙarni na 19 likitoci sun riga sun saba buɗe ciki, suna yanke hanji, suna cire ƙari, har ƙoƙon kai sun fara shiga. Zuciya kuwa sai kallo daga nesa. A 1896 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya rubuta cewa tiyatar zuciya ta kai iyakarta, babu dabarar da za ta ƙara gaba da ita. A watan Satumban shekarar nan aka kai wa Ludwig Rehn, a birnin Frankfurt na Jamus, wani saurayi da aka daɓa wa wuƙa a ƙirji. Ya buɗe shi, ya ɗinke raunin zuciyar tana kan bugawa, saurayin kuma ya tashi.

Sai dai ɗinki a bayan zuciya daban, shiga cikinta daban. Ba gwanintar hannu aka rasa ba, lokaci aka rasa. Zuciya cike take da jini, ba ta hutawa, in kuma aka tsayar da ita, cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa. Kamar a ce wa bakanike ya gyara inji mota na gudu. Don haka aka shafe shekara hamsin ana kewaye-kewaye. A 1925 Henry Souttar ya zura yatsa cikin zuciyar wata yarinya a Landan, ya laluba bawul ɗinta, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya. Yarinyar ta rayu, amma abokan aikinsa ba su sake tura masa wani mara lafiya irin ta ba.

A watan Nuwamban 1944, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, aka fara ceto jariran da ake haifa da nakasar zuciya, waɗanda leɓɓansu ke yin shuɗi saboda ƙarancin oksijin. Tunanin na Helen Taussig ne, wuƙar na hannun Alfred Blalock. Amma wanda ya gwada aikin a kan karnuka har ya nuna, kuma ya tsaya bayan Blalock ranar tiyatar yana nuna masa inda zai ɗinka, wani baƙar fata ne, Vivien Thomas, wanda rashin kuɗi ya hana shi karatun likita. Sunansa bai fito a rahoton aikin ba. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Shi ma wannan aikin a wajen zuciya aka yi shi: jijiyoyi biyu aka haɗa domin jini ya ƙara isa huhu.

Wanda ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne John Gibbon. Yana matashin likita a Boston ya kwana yana jinyar wata mata da gudan jini ya toshe mata hanyar huhu, har ta cika. Daga nan tambaya ta shiga ransa: me zai hana a janye jini daga jiki, na'ura ta sa masa oksijin, ta mayar da shi? Shi da matarsa Mary suka fara gwaji da kyanwoyi, daga baya injiniyoyin kamfanin IBM suka sa hannu. Aka kwashe fiye da shekara ashirin. Kafin ya gama, John Lewis na Minnesota ya bi wata hanya a 1952: ya sanyaya jikin wata yarinya 'yar shekara biyar domin ƙwaƙwalwarta ta rage buƙatar jini, ya toshe ramin zuciyarta cikin abin da bai kai minti shida ba. Wannan ya isa ƙaramin gyara, bai isa babba ba.

Ranar 6 ga Mayun 1953, a Philadelphia, na'urar Gibbon ta riƙe numfashi da bugun zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18 na minti 26, ya ɗinke ramin da ke tsakanin ɗakunan zuciyarta na sama, ta warke. Yara biyun da suka biyo bayanta suka rasu. Gibbon bai sake yin irin wannan tiyata ba.

Wani likitan, Walton Lillehei, bai jira na'ura ta gyaru ba. Daga Maris ɗin 1954 ya riƙa kwantar da uba ko uwa kusa da ɗansu, a haɗa jijiyoyinsu da bututu, zuciya da huhun babba su yi aikin mutum biyu. Masu suka suka ce wannan tiyata ce da za ta iya kashe mutum biyu a lokaci guda, kuma ba su yi ƙarya ba. Ya yi wa mutum 45, 28 suka rayu, yawancinsu yaran da babu wani abin da za a iya yi musu a lokacin. Da na'urorin suka inganta a 1955, aka ajiye wannan kasada.

Daga nan abubuwa suka zo a guje. A 1960 Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka sa bawul na roba da ƙarfe. Har yau zaɓi biyu ne gaban mai buƙatar sabon bawul: na ƙarfe yana daɗewa, amma sai an sha maganin tsinka jini har abada; na tsokar dabba, galibi saniya ko alade, ba ya buƙatar haka, amma yana lalacewa, musamman a jikin matashi. A 1967 René Favaloro, ɗan Ajantina da ke aiki a Cleveland, ya ciro jijiya daga ƙafa ya yi wa toshasshiyar jijiyar zuciya hanyar kewaye. A Disamban shekarar Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Cape Town ta Afirka ta Kudu, mutumin ya yi kwana 18. Barnard ya kwashe suna a jaridu, amma in ana maganar yawan rayukan da aka ceto, aikin Favaloro ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Abin mamaki, da aka gama koyon tsaga ƙirji sai aka koma neman yadda za a bar shi a rufe. A 1977 Andreas Gruentzig ya zura siririn bututu ta jijiyar cinya a Zurich, ya hura 'yar balan-balan ta buɗe toshewar. A 1986 aka ƙara da 'yar ragar ƙarfe mai tokare jijiyar. A 2002 Alain Cribier ya sa sabon bawul ta bututu a Rouen ta Faransa.

Nijeriya ta shiga sahu da wuri. A Fabrairun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a asibitin koyarwa na Inugu, tare da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar. Aikin ya riƙa tafiya yana tsayawa, domin tiyatar zuciya na son wuta marar yankewa, bankin jini da ɗakin kulawa ta musamman. A Hartum kuwa ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe cibiyar Salam a 2007, inda ake tiyata kyauta, kuma yawancin masu zuwa matasa ne da bawul ɗinsu ya lalace sanadin ciwon maƙogwaron da ba a magance ba tun suna yara. Iyaye, in yaro ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, balle in gaɓoɓinsa suka kumbura, a kai shi asibiti a duba. Penisilin ake bayarwa, kuma ba ya da tsada.