Haɗarin Tsirar Wani Ƙari A Ƙwaƙwalwa Bayan Gashin Ƙarin Fituwitari

Fituwitari wata 'yar halitta ce da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, tana zaune a gindin ƙwaƙwalwa, daf da mahaɗar jijiyoyin gani. Ita ke fitar da sinadaran homon masu kula da girman jiki, haihuwa da zubar nono. Akasarin ƙarin da ke tsirowa a jikinta ba ciwon daji ba ne, sai dai yana iya danne jijiyar gani ko ya rikita waɗannan sinadarai. Yawanci tiyata ta cikin hanci ake fara yi, wani nau'in kuma ƙwayoyi irin su cabergoline kan wadatar. Idan an bar saura ko ƙarin ya dawo, sai a koma ga gashi da haske mai ƙarfi, kullum kaɗan-kaɗan har makonni 5 zuwa 6.

Gashin yana aiki ne ta hanyar lalata ƙwayoyin gado na ƙarin. To amma hasken sai ya ratsa lafiyayyen nama kafin ya isa can, kuma ƙwayar halittar da ta ji rauni ba ta mutu ba tana iya rikiɗewa bayan shekaru masu yawa. Tun 1948 likita Cahan da abokan aikinsa suka shimfiɗa sharuɗɗan ɗora wa gashi alhakin sabon ƙari: ya fito a inda hasken ya bi, bayan tazarar shekaru, kuma ya bambanta da na farko. Nau'o'i biyu aka fi gani. Maninjiyoma tana tsirowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ba ta cika yaɗuwa ba, tana iya jinkiri fiye da shekara 20. Giliyoma kuwa daga naman ƙwaƙwalwar take, ta fi saurin bayyana, ta kuma fi muni.

A 1992 likitocin asibitin Royal Marsden na Ingila suka wallafa sakamakon bin diddigin majinyata 334, inda 5 suka samu sabon ƙari. Da aka faɗaɗa binciken a 2005 zuwa mutum 426, an samu 11, aka ƙiyasta haɗarin a kan kashi 2.4 cikin 100 a shekara 20, kusan ninki goma na sauran jama'a. Wannan "ninki goma" ya tsorata mutane, amma kwatancin yana da rauni: wanda ake yi wa hoton MRI a kai a kai dole a fi gano masa ƙari fiye da wanda bai taɓa shiga na'urar ba. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2022 kan mutum 3,679 ya gyara wannan, domin ya kwatanta waɗanda aka gasa da masu irin cutarsu da ba a gasa ba. A shekara 20 haɗarin ya kai kashi 4 cikin 100 ga rukunin farko, kashi 2.1 ga na biyu. Ninki biyu ke nan, ba goma ba.

Yara sun fi manya shiga haɗari, kamar yadda aka gani a Isra'ila, inda aka gasa kawunan yara fiye da 10,000 saboda makero tsakanin 1948 da 1960. Na'urorin zamani irin su Gamma Knife suna tattara hasken wuri guda, kuma alƙaluman da aka samu kawo yanzu suna nuna haɗarinsu ƙanƙane ne.

Illar da ta fi yawa bayan gashi ma ba ƙari ba ce, raguwar aikin fituwitarin ce, wadda kan sa mutum shan magungunan homon tsawon rai. Shi ya sa ake son wanda aka gasa ya ci gaba da ganin likita ko da ya ji garau, ya kuma adana takardun da ke nuna adadin hasken da aka ba shi. Sabon ciwon kai mai tsanani, farfaɗiya, raunin gani, shanyewar wani ɓarin jiki ko sauyin hali, duk dalilai ne na komawa asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa masa ba.